Rajistar Ranar Ruwa

Ni ce mai riƙe rajista a makarantar Don Aquiles Barría,
can ƙarshen tsibirin Chiloé, inda hanya ke miƙa wuya ga teku.
Aji huɗu, murhun itace ɗaya,
da rufin kwano mai tari duk daren da aka yi ruwa.

Gwamnati ba ta san fuskar Yerko ba,
ba ta san Maite na cin farce in lissafi ya yi tsauri ba.
Kai take ƙirgawa.
Kowane yaro da takardar kuɗinsa rataye a sunansa,
kujerar da ya zauna, nan kuɗin ke sauka,
ranar da ya yi fashi, su ma su yi fashi.

To, Talatar nan teku ta tashi da ɓacin rai.
Kwalekwalen Belarmino bai bar gaɓa ba.
Yara goma sha ɗaya suka wuni a tsallake,
muna hango hayaƙin gidajensu ta labulen ruwa.

Don Aquiles ya tsaya a kaina, rigarsa na ɗiga.
"Edita, sa musu alama. Ai da zuciya sun zo."
Na ce alƙalamina bai iya rubuta zuciya ba.
Ya ce, "Itacen murhu fa? Albashin Malama Nolfa fa?
Ki ƙi ƙarya yau, ki kwana da sanyi a Yuli."
Gaskiya ya faɗa, amma rabinta.
Ɗaya rabin na ajiye a ƙofar gida:
sabuwar a-kori-kura ja, ko laka ba ta gama sani ba.

Na sa alamar. Goma sha ɗaya.
Hannuna bai yi rawa ba,
abin da ya hana ni barci ke nan.

Ran Alhamis sai ga mai duba makarantu daga Castro,
wata Edelmira Cárcamo, takalmin roba, jaka mai mataccen zik.
Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi shayi, ta ƙi burodi.
Ta bi littafina layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a wake,
sannan ta kira Yerko:
"Me kuka koya ran Talata?"
Yaro bai san kara ba.
"Talata ina gida, ina taya baba ɗinkin raga."

Shiru ya cika ɗakin, sai bokitin kusurwa ke magana,
ɗis, ɗis.
Ta dubi rufi. Ta dubi taga, ta ga jar mota.
Ta cika shafi biyu da ƙananan rubutu.

Tun ranar Don Aquiles ke zagaye tsakar makaranta:
"Iyaye suka zaɓe ni, ba ofis ba!
Me ya kawo gwamnati cikin ajina?"
Ita kuwa, da na raka ta bakin jirgi, ta ce,
"Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.
Kuɗin jama'a ba sa tafiya ba ido."
Na ce, "Idon nan naku, yana ganin igiyar ruwa?"
Ta gyara jakarta. Ba ta amsa ba.

Jiya uwar Maite ta tare ni wajen masu kifi,
hannunta duk ƙaya da gishiri.
"In an rufe, ina zan kai takardar?
An ce zaɓi nawa ne.
Makaranta ta gaba tafiyar awa biyu ce, in teku ta yarda."
Na rasa abin faɗa, na sayi kifin da ba na bukata.

Wasiƙar hukunci ba ta iso ba tukuna.
Yau ma ruwa. Bakwai ba su zo ba.
Na bar gurabensu fari fat,
na tashi na ƙirga itacen da ya rage:
guda tara, ɗaya jiƙaƙƙe.