Kilo Talatin da Takwas

A shagon titin Condell sun nuna mini sabuwar amfilifaya,
'yar ƙarama kamar kwalin takalmi,
wat ɗari biyar, in ji yaron shagon,
peso dubu ɗari shida, ko a biya wata-wata.
Na jona jitata, na taɓa tsirkiya mai kauri.
Muryar ta fito tas, ba tari, ba dishewa,
amma a kunne ta tsaya.
Ba ta gangaro ciki ba.

Baltasar mai ganga ya ce akwai wani tsoho
bayan kasuwar kifi, yana da guda a ƙarƙashin tebur.

Don Eliodoro, shekara arba'in yana gyaran rediyon jiragen ruwa,
kunnen hagu ya riga shi yin ritaya.
Ya yaye bargo. Ga ta, baƙa, kusurwa ɗaya a cinye,
lasifika inci goma sha biyar, an liƙe yagewarta da gam,
a baya kwalaben gilashi shida suna jiran wuta.
Wat ɗari kacal.
Ya kunna, ya ɗaga mini hannu:
"Ba a tashin tsohuwa da gaggawa."
Kwalaben suka yi ja a hankali, kamar garwashin asuba.

Ya ɗora kofin ruwa a kanta, ya ce in buga.
Na saki tsirkiyar ƙasa.
Ruwan ya yi zobe, zoben ya haifi zobe,
taga ta amsa, cokulan cikin durowa suka amsa,
haƙarƙarina ma ya ce na'am.

Nawa?
Dubu ɗari uku.
Na nuna masa gam ɗin, na nuna maɓallin da ya ɓace
aka maye gurbinsa da murfin kwalbar magani.
Na taya ɗari biyu. Ya juya yana kallon teku.
"Ta ɗana ce. Yana haƙar tagulla a Calama,
ya ce yatsunsa sun manta."
Ciniki ya rasa inda zai sa ƙafa.
Muka tsaya a ɗari biyu da arba'in,
guminna na wata huɗu a gidan burodi.
Ya yi mini gyara da waya, da fis biyu a kwalin ashana,
da gargaɗi: kar in kunna ta lasifika ba a jone ba,
kar in bar ta ta kwana inda iskar gishiri ke shiga.

Farashi na biyu, babu wanda ya faɗa mini.
Kilo talatin da takwas.
Keken da ke hawa dutsen unguwarmu ya lalace tun Mayu,
matakala ɗari da sittin da biyu,
ni a sama, Baltasar a ƙasa yana zagin kakannin mai ƙera ta.
A ta casa'in na tuna kwalin takalmin nan
har na ji kewarsa.
Valparaíso ba ta yafe wa mai kaya.

Ran Asabar, zauren 'yan dako na tashar jiragen ruwa.
Ina kunnawa ta kama gunaguni kamar amya,
ashe soket ɗaya muke sha da firjin mai lemo.
Na sauya bango, ta yi shiru.
Na tsai da ƙara a huɗu, na rage mata kitse kaɗan
don kar ta haɗiye mai waƙa.
Ba wanda ya dube ni. Haka aikin yake:
ƙasa ce ni, a kaina ake taka rawa,
sai na tsaya ake waigowa.

Can baya, kusa da ƙofa,
wani tsoho da bai cire hularsa ba
ya manna tafin hannunsa a bango,
bai ɗaga ba har muka tashi.

Sannan aka kashe fitilu.
Baltasar ya dubi dutsen, ya dube ni,
ya tofa yawu a hannu.