Wa Zan Ambata?

Ran Alhamis nakan rufe keken ɗinki tun azahar,
in cika falas da kunun tsamiya,
in hau kabu-kabu daga Sabon Gari
zuwa babbar likita,
inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi gindin bedi,
kowa da takardar magani dunƙule a hannu,
gumi ya cinye rabin rubutun.

Ba ni da wa'azi, wannan na Fasto Istifanus ne.
Tambaya ɗaya na iya:
"Sannu da jinya. In yi muku addu'a?"
Kafin a tone ni nakan tone kaina:
"Sunana Tabita. Ni Kirista ce."

Wani ya ɗauke kai, ya dubi katanga.
Wata ta ja ƙafar ɗanta ta rufe da zane.
Wani mahauci daga Kasuwar Dole ya ce,
"Baiwar Allah, muna da tamu,"
amma ya miƙo kofi, ya sha kunun,
har ya ce tsamiyar ta ji.
Ban riƙe kowa a rai ba.
Damagaram gari ne na duwatsu,
mun saba kewaya su mu isa gida.

A ƙarshen baranda na iske tsohuwa,
Gwaggo Falmata daga Mirriya,
kwana tara tana gadin jikanta
da amalanke ya danne wa ƙugu.
Ta sayar da tunkiya, ta sayar da tasoshin aurenta,
saura carbi da buta.
Ta ƙare mini kallo tun daga ɗankwali har silifa.
"Da sunan wa za ki roƙa?"
Na ce, "Da sunan Yesu Almasihu."
Ta yi shiru, carbin ya tsaya tsakanin yatsu biyu.
Can ta ce, "Yaron dai Kiyari ne sunansa.
Kada ki ce jikan Falmata, ki faɗi Kiyari,
ya san ana kiransa."

Na durƙusa bisa simintin da rana ta gasa.
Na roƙa wa ƙashi ya kama,
na roƙa wa zazzaɓi ya sauka kafin magariba,
na roƙa wa likitan dare hannu mai sanyi.
Ba ta ce amin ba.
Ba ta kuma janye hannunta daga kafaɗata ba.

Na tattara kofuna zan miƙe, ta riƙe bakin zanena.
"Ke fa? Wa zan ambata?"

Shekara shida ina yawo da tambayar nan,
ba a taɓa maido mini ita ba.
Bakina ya bushe kamar famfon unguwarmu cikin bazara.
Na ce, "Ayuba.
Ya bi masu haƙar zinariya Jado,
damina uku ke nan ba murya, ba saƙo.
Wayarsa takan yi ƙara sau ɗaya ta mutu."

Ladanin masallacin likita ya kira la'asar.
Ta kwarara ruwan buta a hankali, kada ya ƙare,
ta fuskanci gabas, ni ina tsare mata takalma.
Da ta sallame ta ɗaga tafuna,
na ji sunan ɗana ya fito
daga bakin da ba haƙori,
tsakanin kalmomin da ban iya ba,
sau uku, Ayuba, Ayuba, Ayuba,
kamar mai kiran yaro ya shigo cin tuwo.

Ran Lahadi Fasto ya tambaya a majami'a
mutum nawa na yi wa addu'a.
Na ce huɗu suka yarda.
Sauran labarin na bar shi a bakin zane,
wurin da ta riƙe,
har yau ban wanke ba.