Cokalin Tasalla

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda Tasalla ke dafa shayi,
doka ɗaya ce: mai cokali ke magana.

Jibo ya karɓa,
ya yi wa masu mulki wankin babban bargo.
Sambo na tafasa kamar butar kan garwashi.
Da cokali ya iso hannunsa
sai ya fara da kakan Jibo.

"Ajiye," in ji Tasalla.
"Soki gwamnati, ta saba.
Kakansa kuwa a ƙafa ya zo tare da naka,
rijiya guda suka haƙa."

Shiru.
Ƙuda ya zagaya sukari.

Sambo ya juya kofinsa, ya juya,
ya ce, "To, farashin dawa nake nufi."

Ta ƙara masa na'ana'a.