Ƙulli Biyu

Ƙarfe huɗu na asuba a Idi-Araba,
ruwan Ikko bai gama da kwanon rufi ba.
Janareta na tari a bayan ɗakin magani,
ni kuwa ina zura hannu cikin safa,
safa cikin safa,
kamar mai shirin gaisawa da kububuwa.

Sista Morenikeji ta miƙo mini makulli,
ba ta ce uffan ba.
Mai gado na bakwai ya cika cikin dare.
Zazzaɓin ɓera.
Ya bar mana abin da ba ya shiga rabon gado:
auduga, bandeji, robar ƙarin ruwa,
da zanen da ya sha jininsa ya ƙoshi.

Jar leda ce makwancinsu.
Baƙa ta ɓawon ayaba ce da takardar burodi.
Ba na bari ta cika har wuya,
kashi uku cikin huɗu sai in murɗe bakinta,
in lanƙwasa shi kamar wuyan agwagwa,
in ɗaure.
In sake ɗaurewa.
Ba na danna ta da ƙafa don ta ci ƙari,
ba na rungumarta, ko da damtsena ya yi tsami.
Allura kuma tana da gidanta,
kwali mai ɗan mitsitsin baki.
Ba a mayar mata da hularta;
wanda ya yi mata wannan ladabin, shi take fara sara.

Tanimu kan yi mini dariya ta cikin takunkumi:
"Jatau, leda ce fa, ba bijimi ba,
ƙulli ɗaya ya isa."
Ban taɓa gaya masa ba.

Ƙanena Barau yana Ojota,
bisa tsaunin bola,
da ƙugiyar ƙarfe da buhu a kafaɗa,
silifas ɗinsa ɗaya ɗaure da waya.
Gwangwani yake tono, a auna masa a kilo.
Bara wata allura ta same shi a tafin hannu
daga cikin baƙar leda,
tsakanin ragowar shinkafa da kan kifi.
Ba mu san jikin wa ta fara shiga ba.
Wata uku muna hawa danfo zuwa gwajin jini,
wata uku Inna na kira daga Gumel
tana tambayar abin da ya taɓa muryata,
ina cewa layi ne ba kyau.
Allah Ya tsare, takarda ta fito fes.
Amma tun daga ranar, duk ledar da na ɗaga
sai in ga tafin hannunsa a ƙarƙashinta.

Ƙulli na farko na asibiti ne, shi ake biyana.
Na biyu na Barau ne.

Na tura amalanke mai murfi ta ƙofar baya,
ba ta inda masu jinya ke shanya tabarmi ba.
Ƙafarta ɗaya na kuka, na yi wata ina roƙon mai.
Tanderu ya buɗe baki.
Na ƙirga, na rubuta a littafi: goma sha ɗaya.
Ban tafi ba sai da ja ya koma toka.

Sannan tuɓewa, wadda ta fi sawa wuya.
A hankali, ciki ya koma waje,
ruwan kulorin, sabulu, sabulu kuma,
har fatar yatsuna ta yi yaushi.

Gari ya waye a kan kwalbatoci masu ambaliya.
Asabe ta taho da gudu tun daga bakin lungu,
hannuwa a buɗe, baki duk koko.
Na ce, "Tsaya nan, uwata.
Bari Baba ya yi wanka tukuna."

Ta tsaya, ta turo baki,
tana ƙirga bokiti da ido.