Gautan Spital Hill

Fam uku na biya yau a Spital Hill
kan gauta shida, biyu har sun fara yaushi.
Mai shagon, ɗan Somaliya, ya juya ɗaya a tafin hannu,
ya ce, "Me ake yi da wannan?"
Na ce, "Ci." Ya ce, "Da zaƙi?"
Na ce, "A'a, ɗan'uwa, da ɗaci."

Ni ce fa wadda a Funtuwa,
in Goggo Tabawa ta gutsuro min gauta,
nake rugawa bayan rumbu in tofar,
in goge harshe da bakin zane.
Sulen da na samu na ɗan tamatsitsi ne,
na tuwon madara, na gaɓar rake
da zan tsotse har muƙamuƙi ya gaji.
Goggo takan ce, "Ku bar ta, bakin bai yi wayo ba,
harshe ma yana da nasa lokaci."

Ban ga ranar da ya zo ba.
Ba wanda ya yi shela.
Sukari dai ya dinga ja da baya a shayi,
cokali uku, biyu, rabi,
har wata asuba, bayan aikin dare a asibiti,
na sha shi tsurarsa a tsaye, takalmi a ƙafa,
na ji ya zauna min kamar abinci.

Barcin rana kuwa, da tsumagiya ake kai ni.
In kwanta, in rufe ido ɗaya,
kunnena yana can inda ake 'yar carafke.
Yanzu in na dawo, nakan kashe mota a ƙofar gida,
in bar ruwan Sheffield yana ƙwanƙwasa gilashi.
Minti goma ba mai kiran sunana,
ba ƙararrawar majinyaci, ba "Mama, ina safata?"
Da a kasuwa ake auna wannan da mudu,
da albashina ya ƙare kan barci.

Sauda shekararta tara.
Takan ji kiɗan motar askirim
tun ba ta sha kwanar layinmu ba,
ta fita ba takalmi, cikin sanyin da ke tsaga leɓe,
ta dawo haɓa ja, harshe shuɗi.
Na yanka gauta, na miƙa mata rabi.
Ta sansana, ta ciza,
fuskar ta tattare kamar an ja bakin jaka.
Nan ba rumbu, sai ta nufi kwandon shara,
ta juyo da hawaye tana tambaya
wane laifi ta yi, da Turanci.

Na buɗe baki, sai na ji wata murya na tasowa,
ba tawa ba,
mai ƙamshin man shanu da hayaƙin kara.
Shekararta goma sha ɗaya a ƙasa.
Ranar da aka kai ta ina nan ina jiran takardu,
na yi ta'aziyyata ta waya, a tashar bas.
Ban faɗi maganar ba.
Na tauna ta tare da sauran gautan,
na kora da ruwan famfo,
sai ruwan ya yi zaƙi, kamar yadda takan ce zai yi,
in an yi haƙuri ya bi bayan ɗaci.

Sauda ta haye sama tana fushi,
ta bar askirim ɗinta yana narkewa a kan tebur.
Na dangwala yatsa. Haƙorina ya amsa,
zaƙin ya hau min kai har ido.
Na dubi matakala, ba kowa.
Na ja kujera, na shanye shi tas,
na lashe murfin ma, da ganganci.