Shuɗin da Ke Ƙarƙashi

Abílio ya hau bene huɗu da jakar ƙarafa,
yana haki, yana tsine wa tuddan Porto
da duk wanda ya fara gini a kansu.
Bai gama gaisuwa ba ya durƙusa,
ya murɗe famfo, ya ja ruwa na ƙarshe.
Tankin ya yi gurnani, ya yi tari, ya yi tsit,
shirun da bai taɓa yi ba shekara arba'in da ɗaya.

Ni ce mai soso, ni ce mai bokiti.
Na tsane ɗan ruwan da ya maƙale a wuyan tangaran,
sanyinsa har ƙarƙashin farce.

Noti biyu ke riƙe da masan nan a ƙasa.
Na hagu ya ba da kai bori ya hau,
na dama ya ce sai dai a yanka.
Abílio ya zaro zarto yana mita:
wanda ya ɗaure wannan bai yi nufin a kwance ba.
Na ce, babana ne, Custódio.
Ya ɗago ido, ya mayar,
ya ci gaba da yanka a hankali
kamar mai gudun ta da wani daga barci.

Muka jijjiga shi dama da hagu.
Siminti ya yi ƙara, ya saki,
ya tumɓuko kamar turmin haƙori.
Bututu ya buɗe baki, ya huro mana cikin birni duka,
Abílio ya cusa masa tsumma.

Sai ga shi.
Inda gindin ya zauna, tayil ɗin shuɗi ne bau,
sauran daɓen kuwa ya koɗe, ya zama ruwan toka.
Mama ta dogaro sanda zuwa bakin ƙofa,
ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Can ta ce, haka yake ranar da muka tare.
A nan na durƙusa wata uku ina amai da cikinki.
A nan ubanki ke ɓuya da jaridar ƙwallo
har miya ta huce.

Sabon ya fi tsohon tsawo da yatsu huɗu,
saboda ƙugun da likita ya sa wa ƙarfe.
Aka zura zoben roba, aka daidaita, aka matse,
ba da ƙarfi sosai ba, tangaran ba ya son gardama.
Abílio ya shimfiɗa takarda a ƙasa, ya saki ruwa,
muka tsugunna mu biyu muna jiran ɗigo.
Takarda ta zauna a bushe.

Tsohon muka sauke, matakala bayan matakala,
na riƙe bakin, ya riƙe ƙeya,
muka aje shi gefen titi don motar shara.
Kafin mu juya, tsuntsun teku ya sauka a kai
yana duban kogin Douro kamar nasa.

Da muka dawo sama, gindin sabon bai rufe tabon duka ba.
Wani siririn shuɗi ya leƙo ta gefe,
kamar jinjirin wata.
Abílio ya ce, gobe in zo da guduma, in sauya tayil.
Mama ta dafa sabon ƙarfen bango, ta gwada nauyinta.
Ta ce, bar shi.
Ina so in riƙa ganinsa daga zaune.