Ɗinki Uku

An ce a taru bayan lisha a Rumde Ajiya,
don ranar Afrilu a Garwa ba ta jin magiya,
sai dare ke barin mutum ya taka ƙasa.
Na zo da silifa da gorar ruwa,
da gwangwanin madara da aka tsaga wa baki,
aka liƙa masa takarda: yaƙi da sankara.

Ni tela ne.
Ƙafata ta san feda, ba ta san kwalta ba.
Ɗan'azumi mahauci ya ce dala ashirin
duk kilomita, muddin ban zauna ba.
Da dariya ya faɗa. Ya san gwiwata.

Kowa da sunan da ya ɗauko,
wani a kwali, wani a bayan riga,
wani a baki yana juya shi kamar ɓarin goro.
Nawa Kuluwa.

Sau uku na rage mata riga ɗaya,
shuɗiyar atamfa mai zanen makulli.
Na fari ta ce wanki ne ya buɗa ta.
Na biyu ba ta ce komai ba.
Na uku zare ya ƙi shiga allura,
ba kuma laifin fitila ba ne.
Likita ya ce Yawunde.
Na sayar da keke, muka hau jirgi a Gaundare,
muka je sau ɗaya, aka ce saura biyar.
Nan allina ya ƙare.

Sha biyu ta same mu a Yelwa.
Masu mashin suka jeru suna haska mana ramuka,
mai shayi ya ƙi kuɗinmu,
ya jefa silallansa a gwangwanina.
Madam Maiwe ta asibiti tana gaba da usur,
matan coci na rera tasu,
mu muna salati a baya,
babu muryar da ta taka 'yar'uwarta.

Ƙarfe uku, kan gadar Binuwai,
ruwa ya ja baya ya bar rairayi,
dorina ta yi gurnani can cikin duhu,
gwiwata ta ce iya nan.
Na dafa ƙarfen gada. Ban zauna ba,
Ɗan'azumi ya sani, ban zauna ba.

Sai wata ta tsaya, siririya, kallabi har gira.
"Baba, daure, saura kaɗan."
Fitilar mashin ta bi ta kanta,
na ga makullai a kan shuɗi.
Tela ba ya ɓatan hannunsa,
na san wuyan nan, na san inda zaren ya karkace.

"Ina kika samo?"
"Yawunde. Gadonmu na jere.
Ta ce mijina ne ya ɗinka, ba ya yanke ragowa,
ninkewa yake ya bar ta a ciki.
In kin yi jiki, ki warware."
Ta juya gefen rigar ta nuna mini:
biyu ta warware.

Ban san me na ce ba.
Na dai san mun sauka gadar tare,
tana gaba, ina bin makullan.
Sunanta Dudu, 'yar Fitowa ce, tana sai da busasshen kifi.

Da assalatu aka zazzage gwangwanaye a tabarma,
silalla, da jaka-jaka da suka sha gumi.
Madam Maiwe ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.
Ba zai kashe sankara ba, in ji ta,
amma zai kai mutum huɗu, ya kuma mai da su,
har sau shidan.

Ɗan'azumi ya biya, ya ƙara jaka,
yana gunaguni wai na cuce shi.

Na ce wa Dudu, saura ɗinki ɗaya.
Ranar da ta matse ki, kada ki sa reza,
kawo ta kasuwa, layin teloli, rumfa ta tara.
Keken aro ne,
amma hannun shi ne dai.